Yadda waƙa ta ɗauke mini bayan na gama albam, da hanyar da na bi har ta dawo

Ƙarfe ɗaya na dare ta gota, wata ranar Talata cikin Janairun 2024, mai haɗa kiɗa ya zare filas daga jikin kwamfuta ya miƙo mini ya ce, "To Malam, an gama, Allah ya sanya alheri." Waƙa 12 ke ciki. Na fito bakin Titin Gidan Zu a Kano, sanyin hunturu na ratsa ƙashi, na tsaya riƙe da abin da bai kai ɗan yatsana tsawo ba, ina jiran farin cikin da na shekara guda da watanni ina ɗokinsa. Ya zo, amma bai zauna ba. Abin da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki alƙalami, don na san akwai 'yan'uwana mawaƙa a ƙauyukan Kano da Jigawa da za su tsinci kansu inda na tsinci kaina, kuma ba na so su zubar da kuɗi da lokaci a wuraren da na zubar da nawa.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Ringim da Taura. Gidanmu manoma ne kaka da kakanni, waƙa haye na yi. Albam ɗin kuwa ambaliyar 2022 ce ta haife shi. Shekarar da ruwa ya cinye gonaki tun daga wajen Ringim har yankin Haɗeja, mu ma ya tafi da geronmu da 'yar shinkafar da muka zuba a fadama, muka yi makonni a ajin firamare da tabarmi da tukwane. A ajin nan waƙoƙin suka riƙa zuwa mini ba tare da na neme su ba. Tsohuwa za ta faɗi magana a kan rumbunta da ya zube, kafin dare na mayar da ita baiti. Da ruwa ya janye, littafina ya cika. Ɗaukar waƙoƙin ce ta zama aiki. Kowane zuwa sai na hau babur zuwa bakin kwalta, na shiga mota ta Gezawa zuwa tashar Yankaba, sannan adaidaita sahu zuwa situdiyo. Farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun naira, sai ka biya mai POS kafin ka karɓi kuɗinka. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu kuɗin mota ya ninka. Kowace waƙa naira 20,000 na biya, ban da sallamar 'yan amshi da abinci da kwana a shagon wani abokina. Tumaki biyu da buhun riɗi uku na kai kasuwar Gujungu ranar Lahadi na sayar. Da na zauna na yi lissafi, abin ya doshi naira 400,000.

Makonni uku na farko sun yi daɗi. Na raba waƙoƙin ga masu tura waƙa a waya, a Kano da Gujungu da Ringim. Wani gidan rediyo ya sa biyu daga ciki bayan na biya kuɗin fili. Aka yi mini 'yar walima a ƙofar gidan mai unguwa, aka yi addu'a, yara suna bin lungu suna rera amshin waƙar farko. Wani ƙanena ya buɗe mini shafi a YouTube, ya yi mini bayanin cewa sai na tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda kafin a fara maganar kuɗin talla. Mabiyana ba su kai 300 ba. Wannan bai dame ni sosai ba, don tun farko ba daga can na sa rai ba. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne ranar da na sayi sabon littafi, na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar da na saba zama bayan la'asar, har aka kira magariba ban rubuta ko kalma ba. Washegari haka. Mako ya zagayo haka. A da ko a kan babur nake, kari yakan faɗo mini a ka, na tsaya na naɗa a waya. Yanzu kaina shiru kamar kangon gida. Ko waƙoƙina na ji ana sawa a shagon caji sai na sauya hanya.

Da azumi ya kama ranar 11 ga Maris na ji sanyi a raina, don dama makaɗa kan rataye kaya a watan, ba wanda zai tambaye ni sabuwar waƙa. Na ce wa kaina bayan Salla komai zai dawo. Aka yi Ƙaramar Salla ranar 10 ga Afrilu, bukukuwa suka buɗe, aka gayyace ni wani biki a ƙauyen da ke gabas da mu. Na je na rera tsofaffin waƙoƙina, aka yi liƙi, aka sallame ni da mutunci. Amma ni na san bakina kawai ke motsi. Ko sunan ango ban iya saƙawa cikin baiti yadda na saba ba, sai da ɗan amshina ya rufa mini asiri. A hanyar dawowa ban ce masa uffan ba, shi ma bai tambaye ni ba.

Kuskurena na farko mai tsada a nan na yi shi. Na ɗauka in na koma situdiyo, na ji ƙarar fiyano, na tsaya gaban makirfo, waƙa za ta fito dole. Na biya kafin alƙalami naira 15,000, na kashe kusan 9,000 a mota zuwa da dawowa. Na isa ƙarfe 11 na safe, babu wuta, aka jira mai, layi bai zo kaina ba sai bayan isha'i. Mai kiɗa ya sako mini kari kala uku, duk masu kyau. Na yi awa biyu a ɗakin ɗauka ina maimaita baiti ɗaya da ni kaina na san ba shi da rai. Daga ƙarshe ya ce, "Malam, ka je ka huta, in ta zo ka dawo." Kuɗin dai sun tafi, kuma da gaskiyarsa, lokacinsa na ci. Da na fito, wani saurayi da ke zaune a waje ya matso ya ce akwai abin da zan sha kai ya buɗe. Na san me yake nufi. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, amma ƙwayoyi ba su bar wuraren da mawaƙa ke taruwa ba. Ba zan ɓoye ba, a daren nan sai da zuciyata ta raya mini in gwada. Tunanin 'ya'yana ne ya tsayar da ni. Duk wanda waƙa ta ɗauke masa ya sani cewa a daidai wannan gaɓar ake yi masa wannan tayin.

A gida kuwa magana ta fara yawo. Wasu suka ce baki ne ya kama ni, wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a. Inna, da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Sai ta kira maiɗakina ta ce mata, "Ki ce wa mutumin nan ya je wajen Malam, ramar nan tasa ta ishe ni." Kafin in je, wani ya ja ni gefe ya kai ni wurin wani mai magani a bayan gari, wanda ko gaisawa ba mu gama ba ya ce an binne mini abu, sai an kawo baƙin bunsuru da naira 30,000. Na ajiye masa 2,000 na ce zan dawo, ban koma ba. Malamin garinmu, wanda a hannunsa na yi allo, daban ya karɓe ni. Ya saurare ni har na gama, ya ba ni addu'o'in safe da yamma, ya yi mini rubutu na kwana bakwai, bai yanka mini ko sisi ba. Sannan ya tambaye ni awa nawa nake barci. Na ce wani daren biyu, wani uku. Ya ce, "To ka haɗa da asibiti. Addu'a ba ta hana neman magani."

Na je babban asibitin da ya fi kusa da mu ranar Litinin. Wanda zai je ya yi sammako: na isa ƙarfe 7 na tarar da mutane sun fi talatin a gabana. Na yanki kati naira 500, aka auna jinina da nauyina, na zauna a benci har kusan ƙarfe ɗaya. Kunya ta hana ni faɗin abin da ya kawo ni, na ce wa likita ciwon kai ne da kasala. Ya tura ni gwajin zazzaɓin cizon sauro, naira 1,500, aka ce babu. Da na dawo da takardar ya ce jinina ya ɗan hau, ya tambaye ni sana'ata. A nan bakina ya buɗe. Na gaya masa yadda na yi shekara ina kwana a situdiyo da shayi mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari, da yadda yanzu ba abin da ke ba ni sha'awa. Bai yi mini dariya ba. Ya ce jikin da aka daɗe ana tursasa masa yakan karɓi bashinsa in aiki ya ƙare. Ya kuma ce in ƙuncin rai ya wuce mako biyu, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da cin abinci suka rikice, to ciwon damuwa ne, ana maganinsa kamar kowane ciwo, ba hauka ba ne. Ya hana ni shayi da goro daga la'asar, ya ce in rage gishiri, in riƙa kwanciya lokaci ɗaya kullum, in dawo bayan mako biyu. In abin bai sassauta ba zai rubuta mini takarda zuwa asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Kazaure. Da na koma barcina ya kai awa biyar, jinin ya sauka, ya ce mu ci gaba a haka. Waƙa ba ta dawo ba tukuna, amma na daina jin kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji.

Da hankalina ya ɗan kwanta sai na gano wani abu da ke cina a ɓoye: ashe albam ɗin da nake cewa na gama, ban rufe shi ba. 'Yan amshi biyu suna bina ragowar kuɗi, shi ya sa nake jin faɗuwar gaba duk lokacin da waya ta yi ƙara. Ainihin muryoyi da kiɗan da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya suna kwamfutar situdiyo, ni haɗaɗɗen kawai nake da shi. Kuma babu ko takarda ɗaya tsakanina da mai kiɗa. Wani ɗan kawuna da ya karanta shari'a ya gaya mini cewa a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa sabuwarta hannu a 2023, waƙa takan zama ta mai ita tun daga lokacin da ya rubuta ta ko ya naɗe ta, rajista da hukuma ƙarin shaida ce; amma wanda ya haɗa kiɗa ma yana da hannu a aikin, don haka a rubuta wa ke da me tun ana shiri. Bayan Babbar Salla na sayar da ɗan akuya, na shiga Kano, na biya yaran nan haƙƙinsu na nemi afuwarsu. Na sayi filas babba aka juye mini komai. Muka rubuta yarjejeniya a takarda ɗaya, da Hausa, muka sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. A motar dawowa na yi barci tun daga Gezawa har aka tashe ni.

Sai maganar Baba Sarkin Makaɗa, wanda da shi ya kamata in fara. Tsoho ne a ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, ya gaji kalangu da gangar noma wajen mahaifinsa. Mu 'yan fiyano mukan gaishe su daga nesa, muna ganin zamaninsu ya wuce. Zuwana na farko ya tafi suna. Na biyu na same shi yana ɗaure sabon tantani a bakin kalangu, na tsuguna na gaishe shi, na ajiye goro da sabulu, ya amsa ya ci gaba da aikinsa har na gaji na yi sallama. A na uku ne ya ɗago ya ce, "Yaro, na ji waƙoƙinka na ruwa. Wa ya ba ka su?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi su." Ya ce, "Na sani. Na ce wa ya ba ka." Na yi shiru, sai tsofaffin nan na ajin firamare suka faɗo mini a rai. Na gaya masa. Ya ce, "To tun da ka fara zirga-zirgar birni, bakin wa ka zauna ka saurara?" Ban da amsa. Shekara guda da rabi ba na jin kowa sai muryata a cikin abin kunne. Ya ce, "Ka kwashe rumbu ka kai kasuwa, ba ka koma gona ba, kana leƙa rumbu kana kuka." Sannan ya yanka mini sharaɗi: daminar nan duka in bi shi gayya a matsayin ɗan amshi, in ɗauki ganga, in karɓa in ya bayar, kada in ja waƙa ko sau ɗaya sai ya ce. Littafin kuma in bar shi a gida.

Abin ya yi mini nauyi, ba zan ƙi faɗa ba. Mutumin da aka sa waƙarsa a rediyo ya koma rataye ganga a bayan tsoho, har wasu samari suna nuna ni. Gayya ma ta ragu a yankinmu, yanzu yawanci kuɗi ake biya ko a sa shanun huɗa, amma ba ta mutu ba. Mun je guda shida a daminar. Mai gona ya tanadi fura da tuwo da goro, manoma su jeru kowa da kunyarsa, mu kuma muna biye da su da kiɗa. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk da a cikinsa na girma. Baba ba ya zuwa da waƙa a shirye. Ƙafafun mutane yake kallo. In ya ga garma ta fara nauyi sai ya sassauta kiɗan, in ya ga wani ya zarce sai ya kama kakansa ya yi masa kirari, nan take sauran su zabura. Saukar garma ita ce ma'aunin karinsa. Da hantsi in raɓa ta sa fatar ganga ta saki, ni ke kai ta rana ta ɗame. Ba wanda ke jiran in burge shi. Aikina in karɓi amshi da ƙarfi, kuma na samu hutu a cikin hakan wanda ban samu a kwanciya ba.

A gayya ta biyar, cikin Agusta, akwai wani saurayi da ya rage a baya. Na san gidansu, gonarsu ta bakin kogi na cikin waɗanda ruwa ya share. Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ɗaga mini haɓa. Ban shirya komai ba, sai ji na yi na ce, "Ɗan mai gonar bakin kogi, ruwa ya ci ka sake shuka, garma ba ta san bara ba." 'Yan amshi suka cafe ƙarshen, Baba ya bi da ganga, yaron nan ya sunkuya ya kama kunya har sai da ya cim ma na gaba. Na yi ta jero baitoci ban san inda suke fitowa ba, idona yana ruwa, na bar shi a kan gumi ne. Da aka tashi shan fura Baba bai yabe ni ba, cewa kawai ya yi gobe in zo da wuri. Da dare na naɗi abin da na tuna a waya, minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi.

Daga nan ba wai ta ɓalle kamar da ba ne, a hankali ta riƙa zuwa. Na koma zama a rumfar masu awo a Gujungu ba don in sayi komai ba. Na fara tsayawa a zaure in ji luguden matan gidanmu da waƙar da suke yi a kan turmi, abin da a da nake wucewa. Ranar Alhamis ɗaya na bi wani dillali Maigatari, na wuni a kara ina jin yadda ake cinikin shanu da mutanen Nijar, na dawo da kalmomi cike da aljihu.

In wani ya zo mini yau da irin wannan kuka, abin da zan fara tambayarsa barcinsa ne da bashin da ke kansa, don waɗannan biyun suna da magani a kusa kuma suna toshe kai fiye da yadda muke zato. Zan ce masa kada ya kai kuɗi situdiyo sai da waƙa a hannu. Situdiyo wurin awo ne, ba a shuka a can. Wajen malami a je, amma duk wanda ya fara da yanka maka farashi da nuna maka maƙiyi, ka tashi. A asibiti kuma a faɗi gaskiya tun a tambayar farko, ni kunya ta sa na biya kuɗin gwajin da ba na bukata. Takarda tsakaninka da mai kiɗa a rubuta ta ranar da aka fara aiki. Sannan tun kafin albam ya ƙare mutum ya san inda zai sa kansa bayan an gama, ko gona, ko bin wani babba, don ranakun da ke bayan walima su ne masu wuya, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini haka.

Da kaka ta yi, bayan an kai gero gida, ina da waƙa uku da na yarda da su. Ɗaya kawai na kai Kano, ta garma. Wannan karon na ɗauki Baba da gangarsa a mota, na biya masa kujerar gaba. Mai haɗa kiɗa ya so ya daidaita gangar da ma'aunin kwamfuta, Baba ya ce a'a, sai dai kwamfutar ta bi shi. Sau biyu aka ɗauka, muka kamo motar ƙarshe a Yankaba. Sauran biyun suna waya, ina rera su a biki ina gyarawa, kuma Baba ya riga ya aiko cewa tantanin ƙaramin kalangunsa ya fashe, in nemo fata ranar Lahadi in zo ya nuna mini yadda ake ɗaurawa.